Wardin da ke gindin rumfata

Shekarar da na kafa rumfa a tsakar gida, wurin da nake nafila da lazimi, na so in sami abin da zai hau ta ya yi inuwa. A Birnin Kudu na ga furen wardi mai yaɗo ya lulluɓe katangar wani gida, sai na ce shi nake so.

Ni ba na sayen abu da gaggawa. Sau uku ina tasowa daga Gwaram zuwa wurin wani mai dashen furanni a bakin titi. Ganye ɗaya-ɗaya nake juyawa ina duba bayansa, ko akwai darɓa, ko baƙin ɗigo. Wanda ya fara rawaya, in ture shi gefe.

"Malam, wardi za ka saya ko asibiti ka buɗe?" in ji mai dashen.

A ƙarshe na zaɓi guda, kore shar, karansa kauri kamar yatsa. Da hannuna na yage ledar dashen, na murmushe ƙasar da ke ciki, baƙa wuluk mai laushi, na danna ta a ramin da na haƙa masa, taku biyu daga inda nake shimfiɗa buzu. Na ma shinshina ta, na ce wannan ƙasa da kyau take.

Bayan wata biyu na koma in ƙaro wani. Na tambaye shi me ya sa nasa ba sa cuta.

"Taki ne, Malam. Na masai. Masu kwasa ke kawo mini, in ya shekara ya bushe in gauraya da yashi. Na shanu ai wasa ne."

Ban san yadda na iso tasha ba. A mota ina ta kallon farcena. Da wannan hannun na yi alwala ran nan, da shi na ci tuwo. Ga ruwan da nake zuba masa kullum, yana gangarowa ƙarƙashin buzun. Sallar wata biyu ke nan. Ina sauka na wanke hannu har sau bakwai, na kasa cin abinci.

Washegari na je wurin limamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin da ya rikiɗe ya zama ƙasa, ƙasa ne, babu sallar da zan rama. "Geron da kake ci, ka san abin da aka zuba masa?"

Na yarda da shi, amma na kasa komawa kan buzun. Na ɗauko fartanya in tumɓuke wardin, sai na ga dole in sake tono ƙasar nan, ta watsu ko'ina. Na ajiye.

Yau ya rufe rumfar ruf, furanni ja jawur, mata na shigowa kallo. Ni a zaure nake nafilata, cikin zafi.