Ƙofar da Masta Seidu ya auna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina layin mai koko a Nima da safen nan 'yarsa ta kira ni. Masta Seidu ya rasu bayan sallar asuba.

Kokon ma a can na bar shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai shagon zanen gine-gine da ke bayan kasuwa. Shi ya koya min zana fulan a kwamfuta, lokacin da 'yan gidanmu ke cewa in je in koyi ɗinki kamar kowa.

Satina na farko na goge fayil ɗin wani kwastoma gaba ɗaya. Ina kuka, shi kuwa ya tura min rabin waakyensa, shinkafa da wake, ya ce in ci tukuna.

Da mamata ta kwanta asibiti, kullum azahar sai ya kore ni in je wurinta. Ya ƙarasa aikina, ya ce wa mutane ni na yi.

Amma ka taɓa masa sikelin zane, wato daidaiton awo, wallahi sai ka ji kamar ba shi ba.

Ranar Alhamis na gan shi na ƙarshe. Muna kan zanen benen mata na masallacinmu a Maamobi. Iyayenmu mata a kan titi suke sallar Juma'a, ƙarƙashin kanofi, ruwa na saukowa su kwashi tabarmi su watse. Dole kwamiti ya kai zanen ofishin izinin gini ranar Litinin. In aka wuce ranar, sai wani zaman ofishin, damina ta riga ta shigo.

Shafi talatin da biyu ne. Na jera su duka, na danna firinta ta buga su a tashi ɗaya, ina ta jin kaina. Sai ga Masta ya dawo daga ganin likita a asibiti yana haki. Ko kwamfutar bai kalla ba.

"Rahi, rula."

Ya ɗora ta a kan ƙofar bene, shafi na bakwai. "Wannan ƙofar ta mata ce ko ta akuya?"

Ashe wasu shafukan sun taho da tsohon seti na ƙaramar takarda, sai firinta ta matse zanen don ya shiga. Na ce, "Masta, ai awon yana nan a rubuce."

"Ke ba ki san birkilanmu ba? Lamba yake karantawa? Rula zai ɗora a takarda ya fara jera bulo."

Ya sa na gyara seti guda na liƙa wa duk shafukan. A fitar da ɗaya, a auna, sannan a saki sauran. Haka muka gama ashirin da ɗaya, yana sa hannu a akwatin wanda ya duba.

Saura sha ɗaya, na matakala da ginshiƙai. Su kuma layukansu duk kauri ɗaya suke fitowa, ba ka bambance bango da layin awo. Ya ce fayil ɗin kaurin layi ne ya ɓata, in nemo shi. Na ce to, Asabar sai ya zo ya duba.

Yana neman takalminsa ya ce, "Wanda ya auna shi ke sa hannu. Kina da rula, kina da hannu."

Har haushi na ji, na ɗauka zolayata yake.

Ɗazu shugaban kwamiti ya kira ya min gaisuwa, sannan a hankali ya ce, "'Yata, ko mu kai zanen wani shago a Kokomlemle?"

Na ce a'a, Alhaji.

Zuciyata a karye take, ba zan ɓoye muku ba, kuma ina jin tsoro. Ban taɓa sa hannu a matakalar da mutane za su hau ba. Amma ana dawowa daga maƙabarta zan buɗe shagon. In na ga fayil ɗin, to. In ban gan shi ba, zan sake haɗa shi layi-layi. Zan auna sha ɗayan nan, in rubuta Rahinatu a akwatin. Litinin da safe ni da kaina zan shiga trotro, motar haya, da takardun.

Ya Allah, Ka gafarta wa Masta Seidu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa shi a Aljanna Firdausi. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Fatiha. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya sa kada in kuskure awo a matakalar iyayenmu.