Yadda Na Sha Wiwi da Furfurata

Shekara bakwai hanjina yana yaƙi da ni. In na ci tuwo, sai ya murɗe kamar ana matse wanki. In na sha kunu, kafin in ajiye ludayi ina bayan gida. Ni da na tsufa ina loda buhunan siminti a Figil, na koma ɗaure wando da igiya. Likita a Garuwa ya ce kumburi ne a hanji, ba ya warkewa, sai lallashi. Ya rubuta sunan ciwon da Faransanci, karatuna na aji uku bai kai can ba.

'Yata ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta yi suɓul da baka, ta ce a wasu ƙasashe likitoci na ba masu irin ciwona maganin da aka tace daga wiwi. Ba ya kashe ciwon, amma yakan rage murɗar, ya buɗe ci. A nan kuwa, in ji ta, jandarma ne zai duba ni, don haka kada in kuskura.

Na yi salati. Ni ne fa mai korar 'yan wiwi daga bayan masallacinmu da sanda.

Ranar da ko ruwa ya ƙi zama a cikina, na aika wa aminina, tsohon mahauci a unguwar Roumdé Adjia. Da hantsi ya iso da ganyen wiwi a dafe, da citta. A wajenmu, wanda ya kawo magani shi ke fara kurɓa a gaban mara lafiya. Ya tsaya yana kallon kofin, mutumin da ya je hajji sau biyu.

"Alhaji, a yafe al'adar yau mana," na ce.

"Rufe mini baki, ƙashi da rai."

Ya kurɓa, ya miƙo mini.

Ranar na cinye kifin Binuwai guda, har kai. Matata ta juya baya tana share ido da bakin zane. Kwana huɗu ina cin abinci kamar ɗan Adam. A na biyar murɗar ta dawo, da jini.

Na faɗa wa likita gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce ganyen ya rufe mini zafin ne kawai, kumburin na nan yana ci, kuma ba shi da ikon rubuta mini ko da tataccen. Na roƙe shi, har na riƙe masa hannun riga. Ya ƙara mini ƙwayoyi.

Da na koma gida aka kawo kunu, ya huce a gabana ban taɓa ba. Na ce wa matata ta sake aika wa Alhaji.