Jinin B a Gidan Masu O

Duk wanda ya tashi a Nima a shekarun dumso, lokacin da wutar lantarki ba ta zama, ya san ihun da unguwa ke yi idan an ɗauke wuta, daga lungunmu har Kotobabi, kamar an zura mana ƙwallo a raga. A gidanmu ihun nan shi ne kiran tatsuniya. Fanka na tsayawa ɗakuna su ɗau zafi, sai kowa ya jawo benci ko ya kifa bokiti a tsakar gida, mu da 'yan hayar da muke zaune tare. A nan Kaka ke soya gyaɗar sayarwa a cikin yashi tun daga la'asar har isha'i, garwashin kurfotinta kuma shi ne fitilarmu.

Kaka ita ta haifi Mma. Daga ƙasar Nijar ta zo Accra tun da ƙuruciyarta, amma Hausarta ba ta taɓa narkewa cikin tamu ba. Mu 'yan zango kowa "kai" ne a bakinmu, mace da namiji. Ita kuwa abin na ƙona mata rai. "Ke ce, ba kai ba!" in ji ta. "Kun mai da matan duniya maza, Allah shi shirye ku." Idan za ta fara labari sai ta ƙwanƙwasa bakin kasko da sakainar juya gyaɗa, ta ce, "Baƙuwa na bakin ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki, "A buɗe mata!"

Shekarar da zan zauna jarrabawar gama sakandare na riga na ɗauki kaina na girmi tatsuniya, amma ban bar gefen kurfotin ba. Malaminmu na bayoloji ya ce duk wanda bai iya yi wa kakarsa bayanin darasi ba, to bai gane shi ba. Ni kuwa na riƙe maganar da gaske. Kafin rana ta faɗi nakan zauna kusa da Kaka da pasko, wato tambayoyin shekarun baya, ina juya mata su da Hausa. Na gaya mata yadda ganye ke dafa abincinsa da hasken rana, ta ce to shi ya huta da sayen gawayi. Na ce zuciya ɗaki huɗu gare ta, ta ce ashe ta fi mu wurin zama. Haka muke, ina bita tana tsokanata, abin kuma yana zama a kaina.

Ranar da na zo kan rukunin jini, tambayar mai sauƙi ce. Uba O, uwa O, wane jini ɗansu zai ɗauko? Na ce, "Kaka, wannan ba wuya. Wanda ba shi da abu ba ya ba da shi. In uba O ne, uwa O ce, ɗa ma dole O ne. Kamar Baba da Mma." Na san nasu ne tun ranar da injin mota ya faɗo wa Baba a ƙafa a shagonsa na Abossey Okai. Ina tsaye a asibiti nas ta ɗibi jinin Mma za a ƙara masa, tana dariya tana cewa mata da miji duk O, sun dace. Na ci gaba da surutuna, "To ni kuma da aka huda mana yatsa a makaranta aka ce ni B..."

Nan bakina ya tsaya.

Na sake karanta shafin. Na buɗe wani littafin da na aro wurin ƙawata, duk bakinsu ɗaya. Sai na lura sakainar Kaka ta daina motsi har gyaɗar ta fara ƙauri.

Ni a lokacin lissafina a miƙe yake. Uwa ai ba a shakkarta, mutum ya san wadda ta goya shi. In akwai wanda ba nawa ba cikin su biyun, to Baba ne. In kuwa Baba ba shi ya haife ni ba, to Mma ta ci amanarsa. Mma fa! Matar da ko wanka za ta shiga sai ta yafa mayafi saboda 'yan haya. Wallahi na ji tsoro, na ji kunya, bayan su kuma haushi ya zo ya zauna. In ta miƙo mini tuwo sai in ce na ƙoshi. In ta ce, "Memuna, kai ba ka da lafiya ne?" sai in ce karatu ne, ba tare da na kalle ta ba. Baba kuwa in ya dawo yana ɗingishi da ledar burodi a hannu, yana tambaya ko likitarsa ta yi bita, sai in ruga bayan gida in yi kuka. Karatun ma ya tsaya cak. In na buɗe babin numfashi ko na narkar da abinci, O da B kawai nake gani, jarrabawa kuma tana ta matsowa.

Akwai mutum ɗaya da ban ko tuna da ita ba a duk wannan lissafi, Anti Hawa, ƙanwar Mma, mai sayar da koko a Maamobi. Ran Juma'a take zuwa da ƙullin ƙosai ko ɗan yadi, ta ajiye a gefen Kaka ta ce, "A ba wancan." Ba ta taɓa kiran sunana ba. Sauran yara tana jan kumatunsu, ni ko kallon kirki ban samu. Na daɗe da yanke hukuncin ba ta ƙaunata, ni ma ban damu da ita ba.

Wata magariba aka ɗauke wuta, tsakar gida ta cika kamar kullum. Matar tela tana tsifar kan 'yarta, samarin ɗakin ƙarshe suna kan katanga. Mma ta ajiye mini kwano, na ture shi da ƙafa. Ban yi niyyar ya yi ƙara ba, amma ya yi, murfin ya gangara har gaban Baba.

Baba mutum ne mai sanyi, amma ranar muryarsa ta canza. Ya ce, "Memuna, zo nan. Me uwanka ya yi maka? Faɗa mani yanzu, a gaban kowa."

Mma tana tsugune tana laluben murfin. Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, ranar da aka ƙara maka jini, ka tuna abin da nas ya ce?"

Sai ƙarar sakaina a bakin kasko, da ƙarfin da ban taɓa ji ba.

"Baƙuwa na bakin ƙofa!"

Yaran ba su san komai ba, suka kwashe da ihu, "A buɗe mata!" Baba ya ce, "Inna, magana nake da yaro." Kaka ta ce, "Isaka, baƙuwa ta riga ta shigo. Ke kuma zauna." Ba a yi wa Kaka musu a gidan nan. Na zauna.

Ta ce wai a wani gida akwai kaza da ƙanwarta zabuwa. Kaza ta yi shekara da shekaru tana kwanci, ba ta taɓa jin kukan tsako a ƙarƙashinta ba, har ta daina fita tsakar gida saboda bakin mutane. Sai zabuwa ta yi ƙwanta na fari. "Kun san ɗan fari," in ji Kaka, "a wurinmu uwa ba ta rungumarsa a gaban jama'a, ba ta faɗin sunansa, kunya ce." Tsohuwar gidan ta ɗauki ƙwan da hannunta, da yardar zabuwa, ta sa a ƙarƙashin kaza. Zakara yana tsaye, shi ma ya gyara shimfiɗar. Kaza ta kwanta a kai ba ci ba sha har ya fashe. Shaho ya kawo sura ta tare da bayanta. Ruwa ya sauko ta buɗe fiffike.

"Tsako ya girma, aka sa shi boko," in ji ta, yara suka yi dariya. "Wata rana ya leƙa ruwan randa, ya ga zane a jikinsa. Ya dubi zakara, babu. Ya dubi kaza, babu. Bokonsa bai yi ƙarya ba, zanen ba nasu ba ne. Sai ya daina cin abin da kaza ke tono masa. Ya ƙulla wata magana a bakinsa, ya nufi zakara."

Ta koma juya gyaɗarta. 'Yar tela ta gaji ta ce, "Kaka, wane magana?"

"Ban sani ba, bai faɗa ba tukun." Idonta na kaina, garwashi na haska rabin fuskarta. "Amma gidan cike yake da kajin maƙwabta. Abin da ya fito daga bakin tsako da magariba, kafin a idar da asuba yana kasuwa. Kuma ba ya komawa."

Wani yaro ya ce, "To ina zabuwa?"

"Ba ta yi nisa ba. Takan zo ran Juma'a da ɗan ƙulli, ta ajiye ta ce a ba wancan."

Na ji Mma ta saki murfin da ta tsinto. Baba ya sunkuyar da kai yana murza gwiwarsa. Manyan da ke wurin ba wanda ya yi mamaki, a nan na gane kowa ya sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Ba ɓoyewa aka yi ba. Abu ne da ba a faɗa, domin faɗarsa cin fuska ne ga wadda ta yi riƙo. Yara suka dami Kaka da sai ta ƙarasa, ta ce baƙuwa ta gaji, a raka ta ƙofa, gobe ma ba lalle ta dawo ba.

Da aka kira isha'i mutane suka watse, Kaka ta riƙo hannuna ta jawo ni kusa har ina jin ƙamshin gyaɗa a zanenta. Ta yi ƙasa da murya. "Na san abin da kika zata. Ki haƙa rami ki binne shi. Mmarki Rabi za ta iya ɗauka in an ce kin guje ta don ba ita ta haife ki ba. Zai yi mata ciwo, amma za ta ɗauka. Ɗayan kuwa, in ta ji shi daga bakinki, kin kashe ta tana tafiya. Kin ji ni?" Na ce na ji.

Na sami Mma a bakin famfo tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Ba ta juyo ba. Ta ce, "In ka gama jarrabawa, in kana so ka koma Maamobi, ni ba zan hana ba." Na ce ba inda za ni. Ta ce, "Ka tabbata?" Na kwantar da kaina a bayanta na yi ta kuka, ita ma tana yi, famfo na zuba ba wanda ya rufe.

Na zauna jarrabawar, na ci, ba da wani abin a zo a gani ba. Anti Hawa har yau ba ta kira sunana ba, sai dai yanzu in ta ce a ba wancan nakan karɓa da hannu biyu. Kaka ta rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin malanta.

Yanzu ni ke koyar da bayoloji. Ina koyar da rukunin jini yadda yake a littafi, domin gaskiya ne, ban rage ko harafi ba. Amma ba na cewa yara su je gida su tambayi na iyayensu, kuma in na ga wata ta yi shiru a tsakiyar darasi tana ƙirga da yatsu, nakan tsayar da ita bayan an tashi. Da ina ganin darasin tatsuniyar nan shi ne mutum ya yi bincike kafin ya yi zargi. Da na girma na ga Kaka wani abu mafi nauyi ta ɗora mini. Ta ba ni zaɓi tsakanin ciwo biyu, ta ce in bar wa Mma ƙaramin, kuma kada in taɓa wanke kaina daga gare shi.

Mma ta tsufa yanzu, tana zaune a wurina. Wani lokaci ina shafa mata man zafi a ƙafa sai ta yi dariya ta ce wa 'ya'yana, "Uwanku ɗin nan, akwai lokacin da ya so ya bar ni ya koma wurin mai koko." Tana dariya, amma ina jin inda muryar ke karyewa. Ban taɓa son barinta ba, ko na minti ɗaya, kuma kalma biyu za su isa in gaya mata. Sai in ce, "Yarinta ce, Mma, ki yafe mini," in ci gaba da shafa man.