Kwamfutar da Take Mutuwa a Kan Lokacin Sallah

Har yau ban manta da Talatar da na zauna a falon Alhaji Idi a Kabo ina karanta lokutan sallah a cikin kwamfuta ba. Ku da kuke koyon gyara a hannuna ku buɗe kunne, don na ga kun fara ƙwarewa a ƙaryar sana'a tun ba ku iya riƙe sukundireba ba.

Alhaji Idi tsohon babban akawu ne a ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya, ɗansa Malam Kabiru ya saya masa kwamfutar tebur, yana buga wasiƙun ƙungiyar manoma da na kwamitin masallaci. Matar Kabiru, Malama Rabi, tana koyarwa a firamare, tana kuma karatun digiri na ƙarshen mako. Ita ma a kwamfutar take rubuta kundin kammala karatunta idan surukin nata ya fita. Ta gama babi huɗu, saura ɗaya, kuma makaranta ta riga ta yanke ranar miƙawa.

Sai kwamfuta ta fara rubuto cewa ta kasa buɗe furofayil. Ga wanda bai sani ba, furofayil shi ne ɗakin da kwamfuta take ware wa mai amfani da ita, da takardunsa da hotunansa. Idan ƙofar ɗakin ta lalace, ko dai ta hana ka shiga, ko ta ba ka ɗakin aro fayau, wanda duk abin da ka ajiye a ciki kana kashewa ya tafi.

Karon farko a bayan babur aka kawo min ita shagona a Gwarzo, an naɗe ta da bargo kamar mai zazzaɓi. Na gyara rajistarta, wato inda take ajiye tsarinta, na maido da furofayil ɗin cikin minti ashirin, amma na ce a dawo jibi. Ai Injiniya ba ya gama aiki a kan idon mutane, kada su gane babu wuya. Bayan kwana goma aka sake kawo ta. Na maimaita abin da na yi, na ce bairos ne. Bairos dai ya sha ɗaukar laifi a garin nan, kuma bai taɓa kai ƙara ba.

Karo na uku Alhaji ya ce in zo gida da kaina. Muka gama gaisawa, aka tambayi iyali da damina, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya, ko dai aikin nan ya fi ƙarfinka ne? In haka ne faɗa min, mu kai ta Kano."

Kano! Ni da har daga Durun ake zuwa nemana. Raina ya ɓaci, sai na zaro maganar da kowane mai gyara yake ajiyewa don irin wannan rana.

"Alhaji, gyara kam na yi shi. Sai dai idan akwai mai taɓa ta bayan kai."

"Matar Kabiru ce kawai."

"To," na ce, na gyaɗa kai a hankali irin na likitan da ya gano cuta.

Ban ce ita ce ba, kun dai ji. "To" kawai na ce. A ranar Alhaji ya sa na canza kalmar sirri, ya saya wa falon kwaɗo. Da hannuna na kulle babi huɗun baiwar Allah, na hau babur na dawo Gwarzo da mutuncina cas.

Mako uku bayan nan, ran Talatar da nake ba ku labari, Alhaji ya sake kira. Ba mai taɓa kwamfuta sai shi, ga ta kuma ta sake rufe ƙofa. Kabiru ya tare ni a zaure, murya ƙasa ƙasa.

"Injiniya, ran Juma'a za a rufe karɓar kundi. Mako uku Rabi ba ta rubuta ko layi ɗaya ba."

Sai a ranar na yi abin da ya kamata in yi tun karon farko. Kwamfuta tana da littafin da take rubuta duk abin da ya same ta, da rana da minti. Na buɗe shi, sai ga jerin lokutan da wuta ta ɗauke mata ba sallama. Ɗaya da minti ashirin da bakwai. Huɗu saura biyar. Bakwai saura kwata. Kullum haka. Gidan kuma da sola, balle in ɗora wa masu wuta. Na zauna ina kallon azahar da la'asar da magariba a jere, ko ladan albarka.

Ina cikin haka aka kira azahar. Alhaji ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya danna makunnin bango, ƙat. Allo ya yi baƙi a gabana.

"Alhaji, haka kake kashe ta kullum?"

"Yo da yaya zan kashe ta? Shekara talatin ina ofis, ban taɓa fita na bar abu a kunne ba."

Gaskiyarsa, tafireta ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Na yi masa bayani cewa kwamfuta tana cikin rubutu a furofayil yake yanke mata wuta, shi ke lalata shi. Sannan na faɗi wadda ta fi nauyi a baki.

"Malama ba ta da laifi, Alhaji. Ni ne ban duba ba, na ji kunyar in ce ban sani ba."

Ya wuce masallaci, muka bi bayansa. A hanya Kabiru ya gaya min tun makon farko Malama Rabi ta gano dalilin, don tana jin ƙarar makunnin daga tsakar gida. Ta faɗa wa mijinta. Ita ba za ta iya ɗaga ido ta dubi suruki ba, shi kuma ya ce wa zai gaya wa Baba bai iya kashe kwamfuta ba. Sai suka zuba ido suna jiran ƙwararre daga Gwarzo ya faɗi gaskiya. Ƙwararre ya zo ya ce "To."

Da aka idar da sallah na gyara, na koya wa Alhaji kashewa ta hanyarta. Ya kira ɗansa ya ce, "Kai kwamfutar nan sashenku. Falon nan zafi, yana ɓata inji." Iyakar ban haƙurin da akawu mai ritaya zai iya ke nan, kuma duk mun fahimta.

Kwana uku ba su isa a rubuta babi a kai wa malami ya duba ya sa hannu ba. Malama Rabi ba ta miƙa ba, sai da ta ƙara shekara guda. Ba ta taɓa aiko min da magana ba, wannan kuma ya fi zagi ciwo.

Shi ya sa a shagon nan ba wanda zai taɓa rajista sai ya buɗe littafin kwamfuta, ya kuma ce wa mai ita ya kashe a gabansa. In ba ka gano ba, ka ce ba ka gano ba. A gidajenmu, duk laifin da mai gyara ya sauke daga kansa ba ya faɗuwa ƙasa. Kan wanda ba shi da bakin musu yake sauka.