Kwana Uku Ruwa Ke Riƙe Mutum

Ni da abokina ɗakinmu ɗaya a unguwar Danau Kota, can ƙasar 'yan Malay inda muka je karatu, garinmu ɗaya, Yawuri. Ni ɗan malamai ne, shi ɗan Sarkawa masunta, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ko kifi muka yi tapau, wato muka sayo a ƙunshe, a shagon abinci na mamak sai ya shinshina ya ce wannan ya kwana biyu da mutuwa. Na kan ce masa Sarkin Ruwan bene na goma sha huɗu.

Da karatunsa ya tsaya, kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana shi sakat. Wani ya haɗa shi da jirgin kamun kifi, irin masu yin wata guda a tsakiyar teku. Na ce masa teku ba kogin Kwara ba ne. Ya ce, da salon maganar 'yan Malay, "Ruwa ruwa ne, lah. Kai da ko a baho tsoro kake ji."

A wata na huɗu wani ɗan Indonesiya da suke aiki tare ya kawo mini jakarsa. Da guntun Malay ɗina na gane zancen. A gida masunci mai jefa tarun birgi yakan naɗa igiyar a wuyan hannu don kada ta kuɓuce. Sau uku shugaban jirgin yana hana abokina yin haka. Ranar ana sakin taru, inji na warware igiya, hannunsa ya yi abin da ya saba. Igiyar ta fizge shi ta bayan jirgi. Sun yi ta zagaye wurin har yamma, ba su gan shi ba.

Ban ji komai a raina ba. Na ba mutumin shayi, na raka shi tashar jirgin ƙasa ta LRT, na dawo na ƙarasa babin kundin digirina da nake rubutawa. Washegari muka yi masa sallar gawa a surau, ɗan masallacin unguwarmu, mu tara, gabanmu babu komai sai kafet.

Ni na kira mahaifiyarsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ɗana, kwana uku ruwa ke riƙe mutum. Ku je ku tsaya ta gangare, zai taso." Ba ta taɓa ganin teku ba. Na rasa yadda zan ce mata ba shi da gangare, sai na ce, "To, Inna."

Shekara biyu ke nan. Duk Juma'a tana kira ta tambaye ni ko ruwan ya kawo shi, ni kuma in ce tukuna. Ƙanwarsa ta gaya mini tun a makon farko Inna ta yanki likkafani, kuma har yau takan fito da shi ta shanya don kada ya yi warin akwati.