Tsakanin Yayana da Mijina

Duk wanda ya zauna a unguwar Muchia ta Zariya a shekarun nan ya san ƙamshin kamfanin matsar mai da ke bayan layin dogo. Idan gyaɗa suke matsa, unguwar gaba ɗaya sai ta ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli mai zafi, har wankin da muka shanya. Idan angurya ce kuwa, wani wari ne mai nauyi da yake tsaya wa mutum a maƙogwaro. A cikin wannan ƙamshin na girma, kuma daga wannan kamfanin aka ciyar da ni, domin tun rasuwar Babanmu Yayana ne ya ɗauki gidan, da ni da Mama, da albashinsa na mai kula da injin matsa.

Mijina abokin Yaya ne tun suna firamare. Yaya ne ya kai shi kamfanin, ya tsaya masa har aka ɗauke shi. Tare suke tafiya a kan keke ɗaya, tare suke dawowa, su zauna a tsakar gidanmu su ci tuwo a kwano ɗaya. Da ya fara nuna yana sona, Yaya ne ya fara ganewa. Ya ce masa, "Kai, idan wasa kake yi, ka nemi wani gidan. Auta ba ta da uba, ni ne ubanta." Ranar ɗaurin aurenmu a coci kuwa shi ya riƙo hannuna ya miƙa masa.

Daga baya hanyarsu a wurin aiki ta rabu, amma a hankali, yadda babu wanda ya lura. Mijina mutum ne mai son karatu da shiru. Ya yi karatun yamma, aka ɗauke shi daga ɗakin injin aka kai shi ofishin kula da ma'aikata, ya fara sa riga mai guga. Yaya kuwa mai baki ne, ba ya iya ganin an taka wani ya wuce. Ma'aikata suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu, kowa yana kiransa Ciyaman. Mu muka koma Samaru saboda makarantar da nake koyarwa, amma kowace Lahadi bayan sujada muna gidan Mama. Can za ka ji suna tsokanar juna, Yaya yana cewa, "Manaja, a sammana sanyin ofis mana," shi kuma yana amsawa, "Ciyaman, a sassauta mana." Mu dai dariya muke yi.

Ban iya cewa ga ranar da abubuwa suka fara lalacewa ba. Na san dai wuta ta zama sai an ga dama, janareta yana shan man gas kamar ba gobe. Na san manoma sun rage noman auduga. A kasuwar Sabon Gari kuma jarkokin man waje suka cika ko'ina, sun fi na kamfanin araha, har ni kaina akwai ranar da na saya na juye a wata kwalba don kada mijina ya gani. Sai tsohon mai kamfanin ya rasu, 'ya'yansa suka karɓa. Ba su cika zama a Zariya ba, sai dai a ga sun zo da sababbin motoci, su zaga, su tafi. Albashi ya fara jinkiri. Wata ya shiga wata.

Abin da ya tayar da hankalin ma'aikata shi ne hannun wani magidanci ɗan ƙauyen Jama'a. An daɗe ana ƙorafi cewa murfin da ke kare bel ɗin wani injin ya karye, ana ta cewa za a gyara. Ranar nan bel ɗin ya kama hannun rigar magidancin, ya haɗa da hannun nasa ya murƙushe. Yaya ne ya ɗauke shi zuwa asibiti. Da yamma na je gaishe da Mama na tarar da Yaya zaune a bakin rijiya, rigarsa duk jini, bai ko wanke hannu ba.

"Auta," ya ce, "'ya'yansa ƙanana ne. Da wane hannu zai yi noma idan sun sallame shi?"

A makon nan ƙungiya ta yanke shawarar tafiya yajin aiki.

Mijina ya roƙe ni in raka shi wurin Yaya, wai ko ganina zai sa ya saurare shi. Muka je ranar Asabar da hantsi. Mama ta shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta shige ɗaki. Ni na zauna a gefe ina tsince shinkafa, kunnena yana wurinsu.

"Yaya, don girman Allah ku dakata," in ji mijina. Tun da muka yi aure da sunan "Yaya" yake kiransa idan maganar ta gaske ce. "Sito cike yake da gyaɗa da waken suya, kuma da kuɗin banki aka saye su. Idan aka matse aka sayar, za mu numfasa. Idan injin ya tsaya yanzu, wallahi ba na jin zai sake tashi."

"Bara ma haka kuka ce. Muka dakata, aka matse, aka sayar. Ina aka kai kuɗin?"

Mijina ya kawar da kai gefe.

"Ka gani ko? Kai ma ba ka sani ba. Ko kuwa ka sani, ba za ka faɗa ba."

"Ni ma ba a biya ni ba, Yaya. Tambayi ƙanwarka."

"To me ya zaunar da kai a wancan ɓangaren? Fito ka tsaya tare da mu."

"Idan kowa ya fito, wa zai yi muku magana a ciki?"

Yaya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Maganar da kake yi mana ce ta gyara murfin bel?"

Na ga yadda maganar ta soki mijina, domin na san ya sha kai ƙorafin murfin nan sama ana watsar da shi. Amma bai kare kansa ba. Ya tashi ya sa takalminsa, ya leƙa ɗaki ya yi wa Mama sallama, muka tafi.

Aka shiga yajin aiki. Ma'aikata suka sa wa ƙofar kamfanin sarƙa, suka kafa rumfa a gabanta. Masu kamfanin suka ce ba za su zauna da kowa ba sai an buɗe ƙofa. Ƙungiya ta ce ba za a buɗe ba sai an zauna. Ana cikin haka ruwan sama ya sauka, rufin sito yana yoyo, babu mai shiga ya duba. Daga baya ne aka ga gyaɗar ta yi funfuna, waken ya tsiro a cikin buhu.

Sai masu kamfanin suka yanke hukuncin korar shugabannin ƙungiya. Babu ɗayansu da ya zo. Mijina suka aika ya sanar. Ya gaya mini da safe yana ɗaura agogo.

"Kada ka je," na ce. "Ka ce ba ka da lafiya."

"Idan ban je ba 'yan sanda za su tura. Gara ni."

Ban je wurin ba, matar Yaya ce ta ba ni labari. Ta ce ya tsaya a gaban rumfar, mutane sun yi tsit, ya fara kiran sunaye. Na Yaya ne na farko. Ta ce sai da ya maimaita sunan. Wasu matasa suka taso masa, wani ya jefe shi da ledar ruwa. Yaya ne ya shiga tsakani ya buɗe hannuwa, ya ce duk wanda ya taɓa shi sai dai ya fara da shi. Ya raka shi har bakin titi, ya tare masa mota. Da mijina zai shiga, Yaya ya ce masa, "Na kawo ka kamfanin nan a kan kekena. Yau ka biya ni."

Kamfanin bai sake buɗewa ba. Banki ya zo ya liƙa nasa kwaɗon a kan sarƙar ma'aikata. 'Ya'yan mai kamfanin suka daina ɗaga waya, har ta mijina. Shi da waɗanda ya kira sunayensu, da waɗanda bai kira ba, duka rana ɗaya suka zama marasa aiki. Bayan wani lokaci 'yan gwangwan suka zo suka kwance injinan, aka yi ta fita da su a manyan motoci.

Mutane sukan tambaye ni laifin wa, ganin cewa ina da nawa a kowane ɓangare. A Muchia ana cewa manya ne suka cinye kamfanin, kuma gaskiya ne, an ci. A wurin waɗanda suka yi aikin ofis ana cewa yajin aikin ne ya ƙarasa shi, kuma gyaɗar nan da ta ruɓe ba ƙarya ba ce. Na kwana da maganar nan, na tashi da ita shekara da shekaru. Abin da na sani shi ne, waɗanda suka fi kowa hannu a ciki ba su rasa ko abincin rana ɗaya ba. Ba su ma san mijina da Yaya surukai ba ne.

Yaya ya sayi tsohon babur ya fara acaɓa tsakanin unguwar PZ da Samaru. Mijina ya daɗe a gida kafin wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi tsaron shagon abincin kaji a PZ. Ka ga kenan kullum sai Yaya ya wuce ta gaban shagon. Mijina ya ce mini yakan ɗaga masa hannu, shi kuwa sai ya dubi gabansa. Ni Yaya bai daina kula ni ba. Idan ya gan ni a bakin hanya zai tsaya ya ɗauke ni, ya kai ni har kwanar gidanmu, amma ba ya ƙarasawa ƙofa.

Mama ta yi iya ƙoƙarinta. Wata Kirsimeti ta tara mu, ta ce ko ba don komai ba a ci shinkafa tare don ita. Aka zauna, aka yi addu'a. Ba a kai rabin kwano ba wani baƙo ya ambaci kamfanin. Yaya ya ajiye cokali ya ce wasu sun sayar da 'yan'uwansu saboda kujera. Mijina, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe ya ce, "Na roƙe ka a ƙarƙashin mangwaron nan! Na gaya maka abin da zai faru! Iyalai nawa ka jefa a yunwa saboda taurin kanka?" Mama ta fashe da kuka tana cewa, "Ku bari in mutu tukuna." Ba su sake zama wuri ɗaya ba har ta rasu.

Hawan jini ya daɗe yana damun Yaya, ba ya shan magani yadda ya kamata. Wata rana da azahar ya faɗi a kan babur kusa da kasuwa. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallamo shi daga asibiti, matarsa ba ta iya ɗaga shi, 'ya'yansa kuma duk mata ne.

Ban roƙi mijina komai ba. Shi da kansa wata safiya ya ɗauki reza da sabulu ya ce, "Tashi mu je Muchia."

Da muka shiga, Yaya ya dube shi, ya juyar da fuska bango. Mijina ya naɗe hannun riga, ya cicciɓe shi ya kai shi bayan gida, ya yi masa wanka, ya aske masa gemu, ya sa masa kaya. Daga ranar kullum kafin ya buɗe shago sai ya biya. Da farko Yaya yakan ture shi da hannunsa mai lafiya. Daga baya ya daina. Akwai ranar da na shiga na tarar mijina yana ba shi koko a cokali, yana ba shi labarin wani malaminsu na firamare, ɓarin bakin Yaya yana motsi kamar mai son dariya.

Kusa da ƙarshe, Yaya ya kama rigar mijina ya riƙe gam, yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu. Sauti yana fita, kalma ba ta fita. Hawaye yana bin gefen fuskarsa har cikin kunne. Mijina ya sunkuya yana cewa, "Ina jin ka, Yaya, a hankali." Amma bai ji ba. Ni ma ban ji ba. Har yau ba mu san ko yafiya ce ba, ko neman yafiya, ko kuwa tsohuwar maganar ce yake son ƙarasawa.

Ranar jana'iza tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka cika cocin, Kirista da Musulmi, wasu daga ƙauyuka suka zo. Da aka zo ɗaukar akwati, mijina ya matsa gaba ya kama gefe ɗaya. Wani dattijo daga cikinsu ya dafa hannunsa, ba da faɗa ba, ya ce, "Manaja, ka yi haƙuri. Mu za mu ɗauki Ciyaman ɗinmu."

Matar Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, mijina ya girgiza mata kai. Ya saki akwatin ya ja baya. Su ba su san wa ya yi ta wanke jikin da suke ɗauke da shi ba, shi kuma bai gaya musu ba.

A maƙabarta dangi suna gaba, kusa da rami. Aka yi ta kirana in matso in zuba ƙasa. Na waiwaya na hango shi can baya, shi kaɗai a jikin katanga, ya riƙe hularsa da hannu biyu. Na je na zuba wa Yaya ƙasa, sannan na ratsa cikin mutane na koma na tsaya kusa da shi. A nan muka tsaya har aka gama rufewa, har kowa ya watse. Sai a lokacin ya taka zuwa bakin kabarin, ya durƙusa, ya gyara wani dutse da ya karkace.