Ranar da Na Kwantar da Ruwan Kifaye

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na kusa hallaka kifayen ɗan farina da hannuna.

Da aka maido shi aiki Gumel daga Legas, ya taho da wani akwatin gilashi ya girke a falo. Ruwan gishiri ne a ciki, da kifaye masu launi, da wasu abubuwa kamar furanni a kan duwatsu, wai murjani ne mai rai. Ni dai murjanin wuya na sani. Can a kusurwa akwai 'yar fanka cikin ruwan, kullum tana hura shi.

Wata Alhamis da bazara ya tafi Maigatari, matarsa kuma tana Ɗanzomo wajen suna. Ya ce, "Inna, a sa musu ido kawai, kada a taɓa komai."

Na zauna ina kallo. Ruwa na ta juyi, kifaye na kokawa da shi. Mu da muka tashi da ruwan rijiya, in an zuba a randa barin sa ake yi ya kwanta, wadda ta dama shi ta sha ranƙwashi. Na ce wannan ai azaba ce. Na naɗe hannun riga, na murɗa fankar ta kalli bayan dutse. Ruwa ya tsaya cak. Har ina yaba wa kaina.

Bayan la'asar na leƙo. Kifaye duk sun taso sama suna haki, murjanin ya tsuke, wani ɗan kifi rawaya ya kwanta a gefe guda.

Mai kifayen ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in ce masa na yi laifi. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa, kafin na danna inda ya nuna min.

"Kai, kifayenka ba lafiya."

"An ɗauke wuta ne, Inna?"

"Sola na nan."

"An taɓa fankar?"

"An taɓa."

"Wa ya taɓa?"

"Wanda ya taɓa ya taɓa. Faɗi abin yi."

Ya ce in juyo ta. Na saita ta ƙasa, yashi ya turnuƙe, na daina ganin komai.

"A'a Inna, sama! Ta kalli fuskar ruwa har ki ga yana rawa. Ta nan suke samun iska."

Na ɗaga ta. Na tsaya a wurin ina salati har suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ɗan rawayan ne bai tashi ba.

Da ya dawo ya tsame shi, sai ya yi min sannu da gida. Wallahi da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi.

Tun ranar, in aka ba ni amanar abin da ban sani ba, hannuna yana cikin mayafi. In abu ya dame ni sai in buɗe baki in tambaya, ko da wanda na goya ne.